Wayar da Ta Ƙi Gane Malam Jika

"Baba, ƙifta ido. Ƙifta mana."

Sharafaddeen ne ya kanga wa ubansa waya a fuska, ni kuma na tallafo kan Malam Jika ta baya don ya zauna daidai. Ya ƙifta. Wayar ta ce ya juya hagu, ya juya da ƙyar. Da'irar da ke kan gilashin ta yi ta zagaye, can sai ta yi ja.

"Ta ce ba kai ba ne," in ji Sharafaddeen.

"To uban wa ne?" Jika ya tambaya, numfashinsa na sarƙewa.

Ni ne Badruddeen tela. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Jika a Tudun Wada, shekara ashirin da biyu. Babbakar ganda yake yi a mayankar Abattoir, mutum siriri kamar sandar awona. Da ƙodarsa ta gaza sai fuskar ta kumbura, idanun suka shige ciki. Asibiti suka ce sai an ajiye kuɗi kafin a ɗora shi a kan na'urar wankin ƙoda, kuma kada a wuce Alhamis. Kuɗin kuwa yana da su, guminsa ne. Suna cikin wayar nan.

Da can a gwangwanin madara yake ajiya, ƙarƙashin gado. Shekarar da takardar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa, sai Sharafaddeen ya buɗe masa asusu a irin bankunan nan na waya, marasa ƙofa balle benci. Ya juye gwangwanin kaf a ciki yana hura hanci, shi ga ɗan boko. Jika bai san komai a kai ba sai ƙarar shigowar kuɗi. Wata biyu da suka wuce tsohuwar wayar ta faɗa tukunyar ganda. Sabuwar ta ce sai ta ga fuskar mai asusu, shi kuma shashashan yaron ya yi ta cewa gobe, har ciwo ya riga shi.

Ran Talata na kira Adanna, mai POS ta bakin layinmu. Ta durƙusa gaban gadon, ta yaye labule don haske ya shigo, ta gwada sau biyu.

"Baba, sannu. Kar a sake gwada, zai kulle gaba ɗaya," ta ce da Hausarta ta 'yan koyo. "Na kira bankin, na'ura ne yana magana. Ya ce a tura hoton katin shaida, a jira kwana bakwai na aiki."

"Ƙodar ma kwanakin aiki take bi?" na ce.

Ta zaro dubu biyar daga jakarta ta tura ƙarƙashin matashinsa.

A zaure na tare Sharafaddeen. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba.

"Ka ɗauki dukiyar tsoho ka damƙa wa mutanen da ba ka san ko ƙofarsu ba. Yau ga shi, ko wanda za mu ci wa kwala babu. Wallahi kai ka kwantar da shi."

Ya dube ni ido cikin ido.

"Baba Tela, wa ya riƙa yi masa dariyar gwangwani a majalisa? Wa ya ce ɓera zai gaje shi?"

Ni ne. Na tsani yaron a lokacin, don bai yi ƙarya ba.

Mahauta suka shiga karo-karo. Na sa a nemo mai sayen keken ɗinkina na biyu. Shugaban mahautan ya ce in sha Allahu Juma'a kuɗin za su cika. Jika ya cika ran Alhamis bayan azahar, kansa a kan cinyata. Ni na shafe masa idanu a gaban matarsa Hassana.

Na yanka likkafani a shagona, na dawo. An kai ruwa bayan ɗaki, ana jiran liman, sai ga Sharafaddeen ya shigo ya turo ƙofa. Wayar na hannunsa.

"Baba Tela, sau ɗaya kawai." Ya matso kusa da gawar. "In aka binne shi, shi ke nan, sai kotu da takardu. Inna Hassana da me za ta yi takaba? Ka ɗan ɗaga masa fatar idon, ni zan riƙe."

"Fita."

"Don Allah, Baba Tela."

"Yana da rai ta ce ba shi ba ne. Yanzu kake so ta gane shi? Idon nan ni na rufe, ba mai buɗe shi. Fita kafin in manta ɗan wa ne kai."

Ya ajiye wayar a kan tabarma ya fita yana goge fuska da hula.

Muka yi wa Jika wanka, muka naɗe shi. Da na sunkuya zan ɗauki ragowar yadin, wayar na nan a kunne kusa da buta. Da'irar na buɗe tana jira, ba kowa a cikinta sai silin ɗakin da tabon yoyon damina.