Kyauron Hamidu

Da ruwan tabki ya fara ja da baya, kowa a gefen garin Ibohamane ya cinna wa kyauronsa wuta domin ya samu wurin dasa albasa. Hamidu kaɗai ya rage, ashana a aljihu.

Wata ma'aikaciyar gandun daji, Zara, ita ta ɗaure masa kai. Ta ce ƙananan tsuntsayen nan masu ruwan ƙasa da ke ɓuya cikin kyauro iri biyu ne, kamar wa da ƙani. Ɗaya yana da yawa a duniya, ɗayan ya kusa ƙarewa, kuma ana gane shi da farin zane a tsakar ka. Ta ga alamar mai zanen a kyauronsa, amma ba ta tabbatar ba. Ta hau babur ta tafi.

Tun ranar Hamidu yake tsugunne bakin ruwa yana leƙe. Idonsa ya tsufa, tsuntsun kuma ba ya zama wuri ɗaya.

Delu matarsa ta kawo masa fura, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, irin albasa shina tsuhwa cikin kwami, kai kana nan kana duba kan tsuntsu kamar mai neman ƙwarƙwata."

"In mai yawan ne, sai in ƙone."

"To, ƙone mana."

"In ɗayan ne hwa?"

"Shi zai ci da mu da rani?"

Wani abu dabam ya tsaya wa Hamidu a rai. Ashe ya yarda ya kori mai dangi da yawa saboda kawai yana da dangi? Shi wanda wutar ta iske, ina ruwansa da yawan 'yan'uwansa a wata ƙasa? Amma ga Delu da gaskiyarta, yunwa ba ta duba tsakar kan kowa.

Ya ciro ashanar ya miƙa mata, ya ɗauki lauje. Ya yanke kyauron ɓangaren tudu da hannu, ya bar na cikin ruwa tsaye. Aikin ya ci masa kwanaki, albasarsa ta shiga ƙasa bayan ta kowa, fili kuma bai kai na bara ba.

Ranar dashe tsuntsun ya sauka dab da shi, ya juyo da kansa sosai. Hamidu ya sunkuya ya ci gaba da dasawa, bai duba ba.