Ƙudajen Injiniya

"Kilo-kilo zan ɗauka, kamar yadda nake ɗaukar na kowa," na ce masa.

"Ba kilo-kilo ba, Tsatsa. Kyauta zan ba ka, shagon gaba ɗaya. Amma da sharaɗi."

Nan na ɗan gyara zama. Shekara arba'in ina sayen tsoffin ƙarafa, kuma duk kayan da aka ce min kyauta ne, su suka fi ba ni wahala. Injiniya yana kishingiɗe a gado, ƙafafunsa sun kumbura, an tallafe su da matashi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Shagonsa na gyaran kwamfuta yana nan gaban gidan, wata biyar ke nan a rufe, cike da matattun kwamfutoci har rufi. Na daɗe ina leƙensu ta taga ina ƙiyasta jan ƙarfen da ke cikinsu, shi ma ya san ina yi. Shi ya laƙaba min Tsatsa, har matata ta ɗauka.

Sharaɗin shi ne kullum da safe, kafin in tafi rumfata, in shigo in kunna tsohuwar kwamfutar da ke kan tebur gefen gadonsa, in kashe masa ƙudaje. Haka yake kiran saƙonnin bogi da ke cika masa imel, waɗanda 'yan damfara da 'yan talla ke turowa. Ciwon sukari ya cinye masa ido, ko da gilashin ƙara girma ba ya iya bambance harafi. Kuma akwai wasiƙa guda da yake jira.

Na ce masa ni fa a aji uku na tsaya, karatuna sai na haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ni. Mai ilimi karambani zai yi ya buɗe abin da ba a sa shi ba. Ya miƙo hannu, na kama. Hannun duk tabon ƙuna ne na dalma.

A ranar ya koya min aikin. Ya sa na yago gefen kwali, ya rubuta adireshin 'yarsa da manyan baƙaƙe, da ka, ba tare da yana gani ba, na manna a gefen gilashin kwamfutar. Ya ce in dubi sunan mai aikowa da layin sama kawai. In adireshin bai yi daidai da na kwalin harafi da harafi ba, in goge, sannan in shiga kwandon sharar kwamfutar in zazzage shi. Ya maimaita min sau uku cewa kada in buɗe komai, wai buɗewar ita ce cutar.

'Yar tasa ita kaɗai gare shi, muna ce mata Auta ko da yake ba ta da yayye. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, a shagon nan ta girma, kafin ta kai goma tana kwance kwamfuta ta mayar. Shi a ransa ita za ta gaji bencin gyaransa. Da ta yi karatu sai ta ce ita rubuta manhaja za ta yi. Ina zaune a bakin shagon ranar da suka yi ta. Ta ce masa nan da shekara goma ba mai kawo gyara, jefarwa za a riƙa yi a sayi sabuwa. Ya ce wanda bai taɓa ƙona yatsa da dalma ba bai san kwamfuta ba, ta je ta yi ta rubuta iska, ranar da fanka ta tsaya za ta nemi mai sukundireba. Maganar ta yi nisa, ya faɗi abin da bai kamata uba ya faɗa ba. Ta samu aiki a wata ƙasa ta tafi. Shekara shida.

Ni dai ban sa baki ba, amma na san ita ke da gaskiya, don ni nake sayen abin da ake jefarwar.

Lambar wayarsa ma ba ta da ita. Shekara uku da suka wuce saƙonnin talla suka dame shi, ana ta yankar masa kati a kan waƙar da bai nema ba, ya zare layin ya karya shi gida biyu a gabana. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne wannan adireshin na kwali. Kafin idon ya rufe gaba ɗaya ya yi kwana biyu yana laluben maɓallai, ya rubuta mata layi uku. Bai faɗa min abin da ya ce ba.

Makon farko har daɗin aikin na ji. Ƙanwarsa, wadda ta dawo gidan don jinya, takan buɗe min ƙofa ta koma kicin. In kunna kwamfutar, fankarta ta yi ta gurnani kamar tsohuwar babbar mota a kan tudu, in jira. Shi kuma ya kasa kunne ya ce ƙura ce, da yana da ido da ya wanke ta cikin minti biyar. Ƙudajen kan kai talatin a rana. Ina karanto masa layin sama a hankali, yana yanke hukunci.

"An ce ka ci mota."

"Wace kala?"

"Ba su faɗa ba."

"To ba na so. Goge."

Wata rana matar wani attajiri ce ke neman inda za ta ajiye dukiyar mijinta. Wata rana maganin ƙarfin jiki, ya ce wannan kuskuren adireshi ne, ni aka so turo wa. Wata rana aikin kwamfuta daga gida, albashi kamar na mai kamfani, ba a buƙatar ka iya komai. Wannan ne ya fi ba shi haushi. Sai ya hau faɗa a kan yaran yanzu, kowa ya yi kwas na wata uku ya sayi jakar goyo ya ce shi masani ne, ka ba shi kwamfutar da ba ta tashi ya tsaya yana kallonta kamar gawar baƙo. Kuma kamfanoni sun liƙe komai da gam, batir ma ba a cirewa. In ya gaji da faɗa sai ya juyo da fuska wajena. In ce masa ba ta zo ba tukuna. Ya ce ai aiki ya yi mata yawa.

Rana ta goma sha ɗaya wani saƙo ya shigo, da sunan wani kamfani da ban iya furtawa ba. Layin sama da Hausa yake. Na karanto masa: a turo lambar waya da lambar asusu, da gaggawa.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wato har Hausa sun koya. Na goge, na zazzage kwandon.

Bayan kwana uku sunan kamfanin ya sake dawowa. Wannan karon layin ya ce: Baba, ni ce.

Na karanta sau biyu a zuci kafin in faɗa masa. Ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai yi da kansa ba. Ya ce in karanto adireshin harafi-harafi. Na karanto, yatsana a kan kwalin. Ko harafin farko bai zo ɗaya ba.

Ya koma ya kwanta a hankali.

"Ba ita ba ce. Ni na buɗe mata adireshinta tana shekara goma sha biyu, a bencin can. Sun ga wasiƙata ne, Tsatsa. Haka suke yi, su leƙa abin da ke damun mutum, su zo masa da shi."

"Injiniya, mu buɗe mana. Me za a sata a nan?"

"Shekara talatin ina wanke kwamfutocin mutanen da suka ce me za a sata. Ba za a ce a ƙarshen rayuwata ƙuda ya kama ni ba. Goge."

Na goge. Na sha sayen kaya a hannun maƙaryata, ina gane su tun daga sallama, kuma wannan layin bai yi min kama da ƙarya ba. Amma ni da aji uku, shi da shekara talatin a kan benci. Da rana na tsaya wajen matar da ke sayar da kayan waya a bakin titi, na ba ta labari ba tare da na ambaci kowa ba. Ta ce kada in kuskura, kwanan nan aka yi wa yayarta haka da sunan ɗanta, aka share mata asusu. Matata kuwa cewa ta yi in buɗe a ɓoye, ai ba gani yake ba. Da irinsa ya sake shigowa, har na kai kibiyar kwamfutar kansa zan buɗe. Sai ya ce daga gado, ya ji na daɗe ban danna komai ba, lafiya? Kunnensa ya san ƙarar gogewa. Na goge.

Daga nan sunan kamfanin ya riƙa zuwa duk bayan kwana biyu ko uku. Na daina karanto masa. Shi ma ya daina wasan kalar mota. An kai shi asibiti sau biyu a kan ƙoda, aka dawo da shi da jakar magani da ba ta rage komai ba. Ɗakin ya koma warin magani da na tsohuwar waya mai zafi. Ya rame har agogonsa ya riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu. Wani lokaci yakan miƙa hannu ya dafa bayan kwamfutar, inda iska mai ɗumi ke fita, ya bar shi a nan.

Safiyar ƙarshe bai iya juyowa ba. Na kunna, na kashe ƙudaje ashirin da wani abu, har da na kamfanin. Leɓensa ya motsa, na sunkuya.

"Ta zo?"

"Ba ta zo ba tukuna."

"Na faɗa mata magana mai nauyi," ya ce. "Tana da gaskiya ta yi shiru."

Ina rumfa ina auna wa wani mutum tsohon injin wanki, da rana tsaka, matata ta kira ni ta ce in dawo gida.

Kwana huɗu da binne shi, ina tsaye a ƙofar shagon da mabuɗin da ƙanwarsa ta ba ni, tasi ta tsaya. Auta ta fito da ƙaramar akwati. Ta ga tabarmin da aka shimfiɗa wa masu gaisuwa ba a naɗe ba tukuna, ta ga fuskata. Nan ta gane.

Bayan ta yi kukanta a wajen goggonta, ta shiga ɗakinsa, na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce ta ga wasiƙarsa a ranar da ya aiko. Tsohon adireshin ta daɗe da manta kalmar sirrinsa, ba ta iya aikawa da shi, amma duk abin da ya shiga can yana faɗowa a na wurin aikinta, da na wurin aikin ta amsa. Layi uku ya rubuta, ya ce yana ɗan fama da jiki, in ta ga dama ta amsa. Sau tara ta rubuto. Da ta ji shiru sai ta ɗauka fushin ne bai huce ba, sai da abin ya ishe ta ta nemi hutu.

Tana magana idonta ya kai kan kwalin da ke manne a gefen gilashin. Ta daɗe tana kallon rubutun, baƙaƙen sun hau juna.

"Kawu, wa ke duba masa saƙo?"

"Ni ne."

"Ya ji ko ɗaya?"

"Ya ji na biyun. Wanda kika ce, Baba, ni ce. Ya tashi zaune da kansa. Sai ya sa na karanto adireshin."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ta zauna a bakin gadon. Ta ce shi ya koya mata, tun ba ta kai tsayin bencin ba, kada ta buɗe abin da ba ta san mai shi ba. Ba ta zarge ni ba. Da ta zarge ni da na fi samun sauƙi. Ta tambaye ni ko ya ce wani abu a kanta daga ƙarshe. Na yi ciniki da mutane iri-iri, na san lokacin da ake rage wa kaya nauyi. Na ce mata ya ce aiki ne ya yi miki yawa. Wannan ma ai ya faɗa.

Ta ce alkawarin mahaifinta yana nan, in kwashe shagon. Sukundireba ɗaya ta ɗauka, mai jan mariƙi, da kwamfutar gefen gadon. Sawu biyu motar kaya ta yi. Jan ƙarfen da na samu ya fi abin da na ƙiyasta ta taga.

In ana maganar wanda ya ci riba, ni ne, da masu narka ƙarfe. 'Yan damfara ba su samu komai a wajen Injiniya ba har ya koma ga Allah, kamar yadda ya so, kuma ba su yi asarar komai ba. Shi ya tafi yana ganin 'yarsa ta ƙi shi. Ita ta koma da sukundireba.

Kwalin ya faɗo ranar da take naɗe wayoyin kwamfutar, na tsince shi na sa a aljihu. Yana nan a rumfata, a kan farantin sikeli nake ajiye shi in na tashi. Allurar ba ta motsawa.