Ƙaryar da Malam Zakariyya Ya Yi wa Kwamfuta

A karar shanu ta Dei-Dei, dillali ba shi da jari sai maganarsa. Idan ya ce dabba lafiyayya ce, mai saye ba ya tsayawa duba haƙora. Malam Zakariyya ya shekara talatin da ɗoriya yana dillanci a wurin, ba a taɓa kama shi da ƙarya a kan dabba ba. Magana ɗaya ce kawai ta bi shi har tsufa.

Ya ce wata rana, tun yana da ƙarfinsa, ya tsayar da tasi kore da fari a bakin kara zai tafi Wuse. Ya buɗe ƙofar baya ke nan, sai wani jan bijimi ya riga shi shiga. Ba igiya, ba sanda, ba wanda ya kora shi. Ya zauna a kujerar baya, ya fitar da kansa ta taga. Direba ya yi lallashi, ya yi zagi, bijimi ya ƙi fita. Da direban ya ga rana tana yi, sai ya ja motarsa, Zakariyya yana zaune a gaba. A Wuse bijimin ya sauka ya yi tafiyarsa.

Babu wanda ya gaskata shi. Tun daga ranar ake kiransa Zakari Mai Tasi.

Bana Sarkin Dillalai ya ce tsufa ya kama shi, zai sauka, kuma dattawa za su zauna ranar Laraba su zaɓi magajinsa. Sunaye biyu aka ambata, na Zakariyya da na Alhaji Manniru, sa'ansa kuma abokin gardamarsa. Manniru bai ɓoye abin da zai faɗa a zaman ba. A gaban jama'a ya ce, "Mai Tasi mutumin kirki ne, ban musa ba. Amma ranar da baƙo ya kawo ƙara, ya tambayi dalilin wannan suna, me za mu ce masa? Mu ce sarkinmu yana hawa mota da shanu?"

Zakariyya ya daɗe yana cewa wani mai hoto a Wuse, wai shi Leonard, ya ɗauki bijimin a cikin motar. Amma an rushe layin shagunan nan tun tuni, mai hoton ya ɓace masa. Ana saura kwana biyar zaman, sai 'yarsa Nazeefa, wadda take da shagon gyaran kwamfuta a Wuse, ta zo da labari. Wata mata mai suna Alice ta zo shagonta tana tambaya ko za a iya tayar mata da tsohuwar na'urar mijinta marigayi, irin wadda ake zura mata fim ta fitar da hoto a kwamfuta, wadda ake kira sikana. Sunan mijin Leonard.

Da safiyar Asabar suka shiga motar Nyanya, unguwar da Alice take, Nazeefa tana rungume da sabuwar kwamfutarta, siririya kamar faranti.

Madam Alice ta tarbe su da ruwan sanyi, ta jawo kwalaye huɗu daga ƙarƙashin gado, cike da fim a cikin ambulan. Marigayin mutum ne mai tsari, kowace ambulan da rubutu a bayanta. Ba a yi awa ɗaya ba ta ɗaga wata ta karanta: "Sa cikin mota."

Zakariyya ya ɗaga fim ɗin zuwa hasken taga. Hoton bai fi babban yatsa ba, kuma abin da yake fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Akwai mota. A tagarta akwai wani dunƙule.

"Ga shi nan!" in ji Zakariyya.

Alice ta karɓa ta ƙura ido. "Baba, ni dai buhun gawayi nake gani. Ko kuma wani mata mai ƙiba da ɗankwali."

"Dole sai an sa shi a sikana," in ji Nazeefa.

Sikanar tana kan tebur, an lulluɓe ta da zanen leshi. Girmanta kamar ƙaramin akwati, nauyinta kamar tunkiya. Alice ta ce kowace Asabar tana goge ta, amma tun rasuwar oganta, wato mijin nata, ba a kunna ta ba, domin tsohuwar kwamfutarsa ta ƙone a shekarar da ya rasu.

Matsala ta fari ita ce waya. Bakin wayar sikanar yana da faɗin kwalin ashana, ramin sabuwar kwamfutar kuwa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Nazeefa ta zo da shirinta. Ta haɗa babban bakin da wani matsakaici, matsakaicin da wani ƙarami, ƙaramin da wani mafi ƙanƙanta, har abin ya yi tsawon kamu guda yana lilo. Idan aka sake shi, wutar ta ɗauke. Idan aka ɗaga shi daidai kafaɗa, ta dawo. Aka ba Malam Zakariyya aikin riƙewa.

Kwamfutar ta yi ƙara, ta fitar da rubutu.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta san wannan na'ura ba, Baba."

"To ki gaya mata ni na santa. Dillali ne ni, na tsaya mata."

"Ba ta karɓar shaidar mutum. Sa hannun kamfanin da ya ƙera sikanar take so."

"A nemo su su sa hannu mana."

"Sun rufe fiye da shekara goma sha biyar."

Alice ta yi tsaki ta ce haka aka yi mata a ofishin fansho.

Nazeefa ta ce akwai dabara. Za ta gina tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwar, ta ware mata wuri, ta zuba mata tsarin zamanin da, ita kuma za ta gane sikanar. Zakariyya ya yi nazari, hannunsa yana sama, ya ce ya fahimta: kamar a ajiye kaka a ɗakin baya ne, idan tsofaffin baƙi sun zo a kira ta ta faɗi ko su wane ne. Nazeefa ta ce haka ne daidai.

Aikin ya kai su har azahar. Da suka idar da salla, wata ƙaramar taga ta buɗe a fuskar kwamfutar. Sikanar ta yi gurnani, ta yi tari, fitilarta ta kama. Alice ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Haka yake yi, haka yake yi!"

Sai wani rubutu ya sake fitowa.

"Yanzu kuma me?"

"Manhajar da take tafiyar da sikanar tana da wa'adi, Baba. Izininta ya ƙare a ƙarshen shekarar dubu biyu da shida. Ta duba kwanan wata ta ga mun wuce, ta ce ba za ta yi aiki ba. Amma abu ne mai sauƙi. Zan gaya wa kakar cewa yau muna dubu biyu da biyar."

Ta kai hannu. Zakariyya ya saki wayar, wuta ta ɗauke.

"Za ki gaya mata me?"

"Kwanan wata kawai zan mayar baya."

"Yau muna dubu biyu da biyar?"

"A'a, Baba."

"To ƙarya ke nan."

"Baba, ƙarfe ne da roba!"

"Ta tambaya ko ba ta tambaya ba? Ta tambaya. Idan an gaya mata za ta yarda? Za ta yarda. Wanda ya tambaye ka, ya kuma yarda da amsarka, ka ba shi abin da ba haka ba, me sunan wannan? Na zo Nyanya neman shaidar cewa ni ba maƙaryaci ba ne, ki ce in same ta da ƙarya?"

Alice ta ce ita za ta danna, ai ba addininsu ɗaya ba, kuma gobe Lahadi za ta je coci ta nemi gafara gaba ɗaya. Zakariyya ya ce a'a, domin shi za a yi, don haka shi ne mai laifin ko da wa ya danna. Ya tambaya ko babu wata sikana a duk Abuja. Nazeefa ta ce ta yi cigiya, wadda ta sani mai ita ya tafi Jos biki, sai bayan Laraba. Ya tambaya ko za a iya roƙon na'urar ta yi haƙuri. Aka ce ba a iyawa.

Ya fita tsakar gida ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallon kajin maƙwabta. Da ya dawo, idonsa ya yi ja.

"Idan za a ɗauki wannan kaya, ba 'yata ce za ta ɗauka ba. Madam, riƙe wayar. Ke kuma nuna mini inda ake dannawa."

Kafin ya zauna, ya je ya juya kalandar Alice ta fuskanci bango. Ya ce ba zai iya ba tana kallonsa. Sa'an nan da yatsa ɗaya ya danna biyu, sifiri, sifiri, biyar, yana istigfari a kan kowace lamba. Kwamfutar ba ta yi gardama ba ko kaɗan, wannan kuwa shi ya fi ƙona masa rai.

Sikanar ta haɗiye fim ɗin. Hoton ya riƙa saukowa daga sama layi bayan layi, ya ɗauki kusan minti ashirin. Da fari sararin sama, sai rufin mota, sai tsinin ƙaho biyu. Alice ta fara ihu tun ba a kai ga idanu ba. Daga ƙarshe ga jan bijimi zaune a kujerar baya, haɓarsa a kan taga, fuskarsa a natse irin ta wanda ya saba da hanyar. A gaba ga Zakariyya, saurayi, ba hula. Hular tana bakin bijimin.

"Wallahi na manta da hular nan," in ji Zakariyya.

Ranar Laraba dattawa suka zauna a rumfar Sarkin Dillalai. Nazeefa ta buga hoton a babbar takarda, ya zaga hannu zuwa hannu. Da ya iso ga Alhaji Manniru, ya dube shi da kyau, ya yaba ƙahon, sa'an nan ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Ku ma ku ga nawa."

A wayar ga Manniru zaune a cikin jirgin sama, kusa da shi raƙumi ya ɗaura bel yana shan shayi.

"Surukina ya haɗa mini jiya, bai yi minti biyu ba. Yanzu duk abin da ka gaya wa kwamfuta sai ta zana maka. Shi kuma Mai Tasi 'yarsa ce mai kwamfuta. Ban ce komai ba, ni dai na nuna."

Aka yi dariya har wani ya ƙware. Wasu suka ce a kawo fim ɗin, aka ɗaga shi a rana, mutum uku suka ce buhun gawayi ne. Tsohon sarki ya ce a gaskiya hoto ya daina zama shaida a wannan zamani.

Zakariyya ya miƙe. Ya ce tun da hoton bai yi amfani ba, a bar shi. Amma akwai abin da ya wajaba dattawa su sani kafin su zaɓa, domin kwana huɗu ke nan abinci ba ya masa daɗi. Ya ba su labarin kaka a ɗakin baya, da wa'adi, da kalandar da ya juya, da lambobi huɗun da ya danna da hannunsa.

Tsohon sarki ya gyara zama.

"Ita kwamfutar ta kawo ƙara?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ta gane?"

"Har yanzu tana can tana zaton dubu biyu da biyar ne."

"Akwai wanda ya sani a nan karar?"

"Babu, sai yanzu."

"Kun ji ko!" in ji Manniru. "Da bakinsa ya ce ya yi ƙarya!"

"Mun ji, Alhaji. Kai kuma da safen nan ka gaya wa mutumin Gwagwalada cewa saniyar nan haihuwarta ɗaya." Sarki ya juya ga sauran. "Ni na yarda bijimin ya shiga motar. Mutumin da ya kasa cin tuwo saboda ya yaudari ƙarfe ba zai riƙe ƙarya shekara talatin ya yi wannan ƙiba ba."

Aka ɗaga hannu, Zakariyya ya samu. Manniru ma ya ɗaga nasa a ƙarshe, yana cewa duk da haka ba zai daina kiransa Mai Tasi ba.

Washegari da hantsi sabon Sarkin Dillalai ya shiga motar Nyanya. Nazeefa ta bar wa Alice kwamfutar aro domin ta fitar da sauran hotunan, shi kuma ya ƙudura zai je ya danna shekarar gaskiya. Alice ta hango shi ta taga, ta sa wa ƙofa sakata.

"Madam, minti ɗaya kawai. In gaya mata in tafi."

"Idan ka gaya masa zai daina aiki. Kwali huɗu ne, ban gama ko ambulan goma ba."

Ya roƙa, ta ƙi. Da ya ga ba za ta buɗe ba, sai ya zagaya ta taga, ya yi sallama, ya ɗaga murya ya faɗi rana da wata da shekara, sau uku, har maƙwabta suka leƙo. Daga ciki sikanar ta ci gaba da gurnaninta. A fuskar kwamfutar wani hoto yana saukowa, an kai ga goshin wani mutum mai tabarau.

Alice ta kama marfin tagar.

"Sarki, ka je gida, Allah ya taya ka riƙo. A ɗakin nan har yanzu dubu biyu da biyar ne, oga na yana da sauran shekara shida a duniya."