Rufin Makaranta da Jirgin Fito

Shekarar da kamfanin manja ya rufe ya kwashe injinansa, harajin da ke shigo wa garin Puerto Almendro ya ragu da fiye da rabi. Da kansiloli bakwai suka zauna kan kasafin kuɗi, magajin gari, Don Abelardo, bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce in an biya albashi da masu kwashe shara, abin da ya rage aiki ɗaya tak zai yi: ko a sake rufin makarantar firamare, ko a saya wa jirgin fito sabon inji.

Uku suka ce rufi, uku suka ce inji. Magana ta rage a bakin Eufrasia Mosquera, wadda ta koyar a makarantar shekara ashirin da shida kafin ta yi ritaya. A gabanta, da daminar da ta wuce, wani katako ya ɓallo daga rufin ya karya wa wata ɗaliba kafaɗa. Mai tuƙa jirgin fiton kuwa ƙaninta ne, Nicanor.

Ana gobe za a yanke, ya same ta a kicin tana soya ayaba.

"Yaya, injin nan fa tari yake kamar tsohon mashayi. Ba zai kai bikin Ista ba."

"Shekara goma kana faɗin haka, ga shi yana tafiya."

"Da ɗaurin waya da addu'a yake tafiya. Kin taɓa ƙirga yaran da nake ƙetarowa da safe?"

"Kai ka taɓa ɗaukar yarinya da karyayyar kafaɗa?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, ko ayabar bai taɓa ba. Washegari ta ɗaga hannu ta ce rufi.

An yi aikin, kuma an yi shi da kyau, kwano shuɗi mai kauri. A watan Maris injin ya mutu a tsakiyar kogi. Ruwa ya ja jirgin da mutum arba'in har kwanar kogi ta biyu kafin masunta su tare shi. Ba wanda ya rasu, amma jirgin bai sake tashi ba.

Masu ƙananan kwale-kwale suka ninka kuɗin fito sau huɗu. Da kogi ya cika, iyayen tsallake suka hana 'ya'yansu shiga. Manoma suka juya da rogo da ayaba zuwa wani gari da ke ƙasa, inda manyan motoci ke isa. Kasuwar Asabar ta koma tebur goma sha ɗaya. Iyalai suka fara tashi, gida bayan gida.

A watan Agusta wani jami'i ya zo daga ma'aikatar ilimi ya ƙirga ɗalibai. A da su ɗari da casa'in ne, ya tarar da hamsin da takwas. Ya ce dokarsu, makarantar da ba ta kai tamanin ba haɗe ta ake yi da ta babban gari, tafiyar awa biyu a mota.

Eufrasia ta tafi ofishin magajin gari da ƙafarta.

"Ranka ya daɗe, a nemo bashi a tayar da jirgin, yaran za su dawo."

"Malama, wa zai ba mu? Me za mu jinginar, kogin?" Ya cire tabarau ya murza idanu. "Ni ma 'yata jibi za ta tafi."

Aka rufe makarantar kafin Kirsimeti. Nicanor ya samu aikin dako a tashar jiragen ruwa ta bakin teku. Ranar tafiyarsa ta kai masa soyayyen kifi a ƙunshi har tasha. Ya karɓa ta taga.

"Nicanor, da na san haka za..."

"Bari, Yaya. Ki dai riƙa share kabarin Inna."

Mota ta tashi. Da wa'adin Eufrasia na kansila ya cika ba ta sake tsayawa takara ba, kuma a unguwarsu ba wanda ya fito neman kujerar.