Kabad Mai Ƙafafun Zaki

"Ara mini wayarka, tawa ta mutu," in ji Kafinta, alhali tasa tana cikin aljihu da ranta, har tana ɗumama masa cinya.

Mai aski ya miƙo masa ba tare da ya ɗaga ido daga ƙeyar da yake gyarawa ba. Kafinta ya juya baya, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya lalubo shafin shagonsa yadda ya ga Auta tana yi. Ga shi nan kuwa: kabad mai madubi biyu, tsaye a kan ƙafafun zaki, har da farata. Ya tsaya yana kallon hoton kamar ba shi ya sassaƙa abin ba.

Auta ce ta jawo wannan yawon. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kuma ta buɗe wa shagon shafi a intanet. Jiya ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta nuna masa wasu layuka masu hawa da sauka.

"Baba, shafin yana gaya mini mutanen da suka shigo, da abin da suka kalla, har da daɗewar da suka yi. Kowa ƙananan tebura yake buɗewa. Kabad ɗinka kuwa, tun da na sa hoton, ni kaɗai na leƙa shi."

Ta ce in mako ya ƙare ba mai kallo, za ta cire shi daga shafin, a tura shi bayan shago, tebura su ci wurinsa. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Tebur ai ko makaho ya buga ƙusa huɗu ya yi shi. Kabad ne aikin da hannunsa ya sani, in aka raba shi da shi, me ya rage masa ban da shara da gaisuwa? Amma ko a cikin ɓacin ran ya tsinci abu guda: injin nan ƙirga masu kallo yake yi, ba ya tambayar wa ya aiko su.

Shi ya sa yau ya ce wa Auta zai je sayo ƙusa. Daga wurin mai aski ya wuce wurin tela, ya ce zai kira surukinsa. A wurin mai faci ya ce zai duba ko za a yi ruwa. Direban da ke barci a motarsa ma bai tsira ba. A kowace waya sai ya buɗe kabad, ya ba shi lokacinsa, ya mayar da wayar da godiya. Ya koma shago da azahar, ƙafafu sun yi tsami, ba ko ƙusa ɗaya a hannunsa.

Da yamma Auta ta kira shi.

"Baba, zo ka ga abin mamaki. Kabad ya farka."

"Ai na gaya miki," in ji shi, yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa don kada su haɗa ido. "Masu ido ba su ƙare ba."

"Haka ne. To, tunda suna sonsa, bari in sa tallarsa ta riƙa bin duk wanda ya kalla, har ya dawo ya saya."

Kafinta ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta. Bai fahimci komai ba.

Kwana biyu tsakani, yana goge katako, sai ga tela a bakin ƙofa, mai faci a bayansa.

"Baba Kafinta, me ka sa mini a waya?" in ji mai faci. "In duba ƙwallo, zaki. In duba labarai, zaki."

"Ni ko wa'azi na kunna sai ya fara fitowa," in ji tela. "Da faratansa."

Kafinta ya buɗe baki zai rantse, sai ya hango Auta a bayan kwamfuta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Baba, ai alƙaluman har lokaci suke nunawa," ta ce da ƙyar. "Masu idon nan duk da hantsi suka zo, ɗaya bayan ɗaya, daidai sa'ad da ka tafi sayen ƙusa."

Kunya ta rufe shi. Ya dubi kabad ɗin a kusurwa, ya fara auna ta inda za a cicciɓe shi zuwa bayan shago.

Sai ga mai aski ya faɗo, ko rigar aiki bai cire ba.

"Kai, Allah ya isa tsakanina da kai! Ka san abin da ka jawo mini?"

"Mutumina, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Matata ta ɗauki wayata, ta ga abin nan yana ta fitowa. Wai ashe kyauta nake shirya mata a ɓoye. Tun jiya take kirana da sunayen da rabona da jin su tun muna sabon aure. Ta ja gado gefe, ta share masa wuri, ta kira ƙannenta ta gaya musu. Da wane baki zan ce mata kai ne?"

Ya zagaya kabad ɗin yana huci, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya duƙa ya shafa ƙafar zakin.

"A kai shi kafin magariba," ya ce, ya fice.

Auta ta share hawayen dariya, ta danna wani abu a kwamfutar.

"An sayi ɗaya, Baba. Abin da aka saya ba na cire shi. Sai ka fara wani."

Kafinta ya ɗauki zarto, ya gwada haƙoransa da babban yatsa. Tela ya juya zai tafi, sai ya riƙo masa hannun riga, ya rage murya.

"Kai fa, matarka tana taɓa wayarka?"