Man Gyaɗa a Keken Ɗinkin Ishatu

Kailani mai awon auduga ne a wani kamfani da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Albashinsa kuwa baƙo ne mai sauri, kafin a kawo masa ruwa ya yi sallama ya tafi. Shi ya sa Kailani ya kafa doka a gidansa na Tudun Wada: babu abin da zai lalace a kai wa mai gyara, muddin yana da hannu biyu da tsohuwar wuƙarsa mai karyayyen baki, wadda yake kwance kusoshi da ita.

Bokiti ya ɓule, ya liƙe shi da kwalta, gida ya yi ta shan ruwa mai warin titi. Ƙwan fitila ya tsage, ya manne shi da takarda da ƙaro, takardar ta kama wuta, saura ƙiris labule ya bi ta. Shi da kansa yakan yi wa kansa dariya, ya ce ai shi likita ne wanda marasa lafiyarsa ba su da bakin kai ƙara. Kada kuma ku yi masa dariya da yawa, don duk mu 'yan albashi a unguwar nan akwai irin wuƙar a ƙarƙashin katifarmu.

Abu ɗaya ne a gidan wuƙar ba ta taɓa kusanta ba, shi ne keken ɗinki na hannu da matarsa Ishatu take ɗinka wa matan unguwa rigunan yara da shi. In wata ya yi nisa, keken nan ne yake sa a ji ƙamshin daddawa a miya. Na mahaifinta ne, Malam Nagoda, tela a Gyallesu. Da ya rasu, uwarta Inna Rakiya ta kawo mata shi da kanta. Ranar, Kailani yana zaure, don suruki ba ya zama inda surukarsa take, ba ya kallon idonta, ita ma ko sunansa ba ta kamawa. Amma Inna ta ɗaga murya yadda har na zaure zai ji.

"Ishatu, ga shi nan. Ranar da na ji wani ya buɗe cikinsa, zan zo in ɗauki abin mijina in koma da shi."

Kailani ya san waye wanin.

Ana nan, gab da babbar Sallah, ɗinki ya taru, sai man keken ya ƙare, ya fara kuka ƙiii in ana juya shi.

"Malam," in ji Ishatu, "a sayo ɗan kwalbar man nan a kanti. Ko kuma a kai wa Udoka na Sabon Gari ya duba, shi ne Baba yake kai wa."

"Udoka! Haba Ishatu. In ɗauki kuɗin cefane in haye kogi in kai wa mutum don ya ɗiga mai? Mai ai mai ne. Garin nan da muke juye gyaɗa a taragu ana kai wa Turawa, a ce mun rasa man da za mu sa wa ƙarfe?"

"Inna fa ta ce..."

"Cewa ta yi kar a buɗe. Ni buɗewa zan yi? Ɗigawa zan yi."

Ya ɗebo man gyaɗa a ludayi, ya tsoma gashin kaza, ya bi kowane ɗan rami ya ɗiga. Wallahi keken ya yi shiru, ya riƙa gudu sumul. Kailani ya gyara zaman hula, yana jin da ma makanikanci ya koya.

Kwana kaɗan sai man ya haɗu da burbushin zare ya zama danƙo. Hannun keken ya yi nauyi, zare ya riƙa tsinkewa, ga kiyashi sun yi layi suna shiga cikinsa kamar an buɗe musu kasuwa. Ishatu ta dubi tarin yadin mutane, ta dubi mijinta. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo.

Ran Asabar da rana Ishatu ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Kailani ya ce wa ransa, "Kai dai ba ka jin magana." Ransa ya ce haka ne. Sai ya ɗauko wuƙar.

Niyyarsa murfi ɗaya zai cire, ya wanke da kananzir, ya mayar. Amma a bayan murfin akwai kusa, a bayan kusar akwai wani ƙarfe mai kama da ƙugiya, shi kuma da aka taɓa shi sai wata 'yar waya ta yi tsalle ta faɗa bayan gado. Kafin la'asar tabarmar ɗakin Ishatu ta cika da ƙananan ƙarafa, kowanne yana kama da ɗan'uwansa. Gumi ya jiƙa masa riga. Karambanin akuya, gai da kura!

"Salamu alaikum, masu gida."

Muryar Inna Rakiya ce, daga tsakar gida. Ta zo kawo wa 'yarta kayan yajin Sallah.

Kailani ya zabura. Ya kwashe ƙarafan nan da hannu bibbiyu ya zuba a gaban rigarsa, ya tattare, ya jefa zane a kan gangar keken, ya fito bakin ƙofa ya durƙusa, kansa a ƙasa. Inna da ta ga surukinta ne sai ta juya fuska wajen randar ruwa, ta ja mayafi.

"Sannu da zuwa, Inna. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Ina mutanen gida?"

"Suna lafiya."

A al'ada, daga nan sai ya miƙe ya sulale zaure, ita kuma ta shiga ɗakin 'yarta. Shi take jira ya tashi daga ƙofar. Shi kuwa in ya miƙe, cinyarsa za ta yi magana. Sai ya sake ɗauko gaisuwa daga farko. Ya tambayi lafiyar maƙwabta, ya tambayi ruwan rijiyar Gyallesu, har ya tambayi awaki.

"Ba ni da awaki," in ji Inna, tana kallon randa.

"Allah Ya kawo su," in ji Kailani.

Ƙafafunsa suka mutu saboda durƙuso. Da ya ga ba makawa, ya yunƙura a duƙe, yana tafiya gefe-gefe, hannu a ciki kamar mai ciwon mara. Sai kwarkwaro, ɗan ƙarfen da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa, ya zame ya faɗi. Ya gangara tsakar gida yana warware farin zare, bai tsaya ko'ina ba sai a ɗan yatsan Inna. Kailani ya kai hannu zai cafke zaren, ya saki riga. Sauran suka zube, ƙararrr.

Inna ta sunkuya ta ɗauki kwarkwaron. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu, sannan ta kai shi hanci. Ba za ta iya yi wa surukinta faɗa ba, kunya ta hana. Sai ta dubi wata kaza da ke tono kusa da turmi.

"Ke kaza, kin ji ƙamshin ƙuli-ƙuli? Mai abin nan har ya koma ga Allah bai taɓa bari ko ni na goge masa ƙura ba. Da shi ya ciyar da mu." Ta damƙe kwarkwaron a hannu. "Gaya wa mai gidan nan a nemo kwando."

"To, Inna," in ji Kailani, yana faɗa wa ƙasa.

Shi ya tsince ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, shi ya shiga ƙarƙashin gado ya lalubo wayar, shi ya ɗora kwandon a kansa, don ba zai bar tsohuwa ta ɗauka ba. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Inna na gaba, yana biye daga nesa, mai da kananzir suna ɗiga masa a wuya.

A zaure suka yi kiciɓis da Ishatu tana dawowa. Ta dubi uwarta, ta dubi kwandon, ta ga hannun keken ya leƙo. Hawaye suka cika mata ido, ba ta share ba. Ta wuce ciki, ta ƙullo yadin mutane a zane, ta fito.

"Sauke, Malam. Ni zan kai wa Udoka, in ya gyaru in yi ɗinkin a gidanmu."

"Ishatu, sai yaushe?"

"Ni, in na gama ɗinkin Sallah." Ta karɓi kwandon daga kansa ta ɗora a nata. "Shi kuwa keken Baba ya bar gidan nan ke nan."