Likita Zainabu Ba Ta Karɓar Haihuwa

Zainabu Tamba da Maliki Hodi tare suka gama karatun likita a Zariya, zamanin Birnin Kebbi da Argungu suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ma'aikatar lafiya ta tura Zainabu garinsu Birnin Kebbi, Maliki kuma aka kai shi Argungu.

Kowa ya ɗauka tunda mace ce, ɗakin haihuwa za ta nufa. Ita kuwa ranar da ta kama aiki ta shaida wa babban likita za ta duba yara da tsofaffi, masu zazzaɓi da masu hawan jini, amma a cire ta daga karɓar haihuwa. Tana da goyo, mijinta kuma yana koyarwa a Jega, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ta kuma san mutanen garinsu: da zarar an ji likita mace na karɓar haihuwa, ƙofar gidansu za a riƙa bugawa, ba ta asibiti ba.

Mahaifiyarta ba ta ji daɗi ba. "Allah Ya ba ki ilimi, ki bar 'yan'uwanki mata hannun maza?"

"Inna, in na buɗe ƙohwar ga ba ni iya ruhe ta. Ni ɗai ce."

Maliki shi ma ba sha'awar karɓar haihuwa yake yi ba, amma babu wanda ya tambaye shi. A Argungu shi kaɗai ne likita.

Wata Laraba da hantsi, lokacin cirar albasa, wani manomi mai suna Labbo ya kawo matarsa Baiwa, tun jiya tana naƙuda. Maliki ya ga ɗan ya kwanta a gicciye, ya ce sai an yi mata aiki.

"Likita, ban raina ka ba," in ji Labbo, "amma namiji ba shi buɗe min iyali."

Maliki ya yi lallashi, ya yi faɗa, Labbo bai motsa ba. Sai ya tura motar asibiti Birnin Kebbi, a roƙi Zainabu ta zo.

Ta sallami wanda take dubawa, ta biya gida ta shayar da ɗanta, ta shiga mota. Da ta isa ta duba Baiwa, ta fito wurin mijin.

"Malam, ni ka shiga da ita. Amma Likita Maliki na nan tsaye, don ya hi ni hannu ga wanga aiki. In ka ƙiya, sai Sakkwato, kuma ba ta kaiwa."

"Ku shiga," in ji Labbo.

Baiwa ta rayu. Ɗan namiji ne, bai zo da rai ba. Labbo da 'yan'uwansa suka kai shi makwancinsa, ya dawo ya zauna gindin bishiyar dogon yaro har matarsa ta farfaɗo.

Tun bayan aikin, likitocin biyu suna wanke hannu, Maliki ya ce, "To, kin shigo harkar haihuwa ke nan?"

"Ban shigo ba. Amma da an ga Baiwa tun cikin na ƙarami, da ba a kai haka ba."

Suka yi shawara. Kowace Alhamis za ta zo Argungu ta yi awon ciki, da sharaɗin miji ya rako matarsa ya gaisa da Maliki, ya ji daga bakinta cewa ran haihuwa Maliki za a iske, ba ita ba.

Mata suka riƙa cika baranda ran Alhamis, wasu daga ƙetaren gulbi a kwale-kwale. Cikin mazan wasu suka yarda, wasu suka kwashe matansu suka tafi. A Birnin Kebbi an ci gaba da ƙorafi a kanta, ita kuma ba ta canja ba.

Da Baiwa ta sake samun ciki, Labbo ne ya riƙa kawo ta awo a kan keke. Maliki ya yi mata aiki wata Litinin, aka sami 'ya mace. Zainabu ba ta ji labari ba sai da ta zo ran Alhamis. Ta leƙa ta yi barka, ta koma kan layin masu jiran awo.